Saiwar Da Ba A Ɗaura Wa Zare Ba

Pratofreddo, 4 ga Oktoba, 1887

Zuwa ga yayana Ottavio Giraudo, mai masana'antar giyar ɗaci a Torino,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da matarka Clelia da 'yan matanku. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar mijina Costanzo da ke masa tsiya duk lokacin da hadari ya haɗo. Shanu sun sauko daga tudu, cukun bana ya yi kyau.

Wasiƙarka ta iso ran Talata. Na karanta wa mijina ita, tunda har yau shi da takarda sai kallo. Da na zo wurin da ka ce kana son saiwa buhu ɗari da ashirin, sai da ya sa na maimaita. Ya ce ko dai alƙalamin Tavio ne ya zame. Na ce masa mutumin da ya yi shekara shida yana karatun haɗa sinadarai alƙalaminsa ba ya zamewa, sai dai kansa.

Yaya, bari in tuna maka abin da ka sani tun kana bin Baba da kwando. Jenziyanar da kake jiƙa saiwarta a giya, manyan Torino suna kurɓa bayan sun cika ciki, ba ita kaɗai ke fitowa a tudunmu ba. Gefenta maƙaryaciya mai guba ke tsirowa, wadda ko saniya mai yunwa kewaye ta take yi. A watan Yuli ba mai ruɗewa. Jenziyana furenta rawaya, ganyenta biyu-biyu suna kallon juna, na waccan kuwa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Amma saiwa ba ta ƙosawa sai fure ya zube ganye ya ruɓe, kuma a lokacin duk kara ne baƙi a tsaye. Kama da wane ba ta wane. Shi ya sa ake hawa tun Yuli a ɗaura wa kowace ta gaskiya jan zaren ulu a gindi, in lokaci ya yi a haƙa mai zare kaɗai. Baba bai taɓa kafa diga inda ba zare ba, Costanzo ma haka, shekara talatin ke nan.

Bana mun ɗaura wa abin da zai cika buhu arba'in kamar kullum, domin ba ka ce komai ba a kan kari. Yanzu sanyi ya riga ya ƙone ganye. Saboda haka arba'in za ka samu. In kana son ƙari baɗi, ka faɗa tun da wuri, ni da kaina zan warware tsohuwar rigar sanyina in yi zare.

Ka gaishe da Clelia. Ka ce mata har yanzu ina jiran ranar da za ta cire farar safar hannun nan tata ta taɓa tuwon masara.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Delfina

Torino, 11 ga Oktoba, 1887

Zuwa ga ƙanwata Delfina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu wasiƙarki, na kuma gode da darasin da kika ba ni a kan tsiron da na rubuta littafin kammala karatuna a kansa.

Ga yadda al'amarin yake. Ɗacin Giraudo ya samu lambar yabo ta zinariya a baje kolin bana. Dalilin haka wani babban ɗan kasuwa a Genova yana so ya riƙa loda shi a jiragen ruwa, na kuma ba shi rana. Na bar Pratofreddo ina da shekara goma sha huɗu, da takalman Costanzo a ƙafata domin ba ni da nawa. Na wanke kwalaben wasu shekara takwas kafin a buga sunanmu a jikin kwalba. Irin wannan ƙofa sau ɗaya take buɗewa, ba zan tsaya ina kallo ta rufe saboda zaren ulu ba.

Zare dabara ce mai kyau ga mutanen da ba su da ɗakin gwaji. Ni ina da shi. A haƙa duk abin da ya yi kama da jenziyana, mai zare da marar zare, a aiko. Kowane buhu zai bi ta hannuna kafin ya ga giya. Abin da idon mai haƙa ba ya gani, sinadari yana gani. Nauyin wannan yana wuyana.

In Costanzo ya ga ba zai iya ba, mutanen kwarin da ke bayan dutse sun daɗe suna roƙona. Sai dai in na koma wurinsu ba zan dawo ba, kin kuma san gida nawa ne a garinmu ke cin tuwon hunturu da saiwar nan. Ba barazana nake ba, gaskiyar sana'a nake gaya miki.

Ki miƙa gaisuwata ga Costanzo da ƙaninsa Spirito.

Wassalam.
Yayanki, Ottavio Giraudo

Pratofreddo, 13 ga Nuwamba, 1887

Yaya Ottavio,

Ina gaishe ka da iyali. Alfadarai sun sauka jiya da buhu ɗari da ashirin, sai ka shirya tarbarsu a tasha.

Na karanta wa Costanzo wasiƙarka. Ran Lahadi maza suka taru a ƙofar coci, ya gaya musu abin da ka ce bai rage komai ba. Spirito ne ya karya musun. Ya ce in mai ilimi ya ce zai gwada, su wa ne su da za su ce a'a, su da ko sunansu ba sa iya rubutawa? Aka yi dariya, aka ɗauki diga. Ni ban yi dariya ba.

Kwana goma sha takwas suka yi suna haƙa, na ƙarshe-ƙarshe a cikin dusar ƙanƙara. Mijina yana karya saiwa yana sunsunawa, wadda bai yarda da ita ba ya jefar, har 'yan uwansa suka fara ce masa karen farauta. Amma mutum goma sha ɗaya ke haƙa, shi kuwa hancinsa ɗaya ne.

To ka saurara da kyau. Buhu arba'in na masu zare an ɗaure bakinsu da jan ulu. Sauran tamanin ɗin Costanzo ya zana wa kowanne gicciye da baƙin kwalta, babba, yadda ko daga nesa za a gani. Waɗannan su ne ba mu da tabbas a kansu. Ya ce in rubuta maka sau biyu, ga shi ina rubutawa: masu gicciye ba mu da tabbas a kansu. Kada a haɗa su da sauran sai ka gwada.

Raina bai kwanta ba, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Tsoro nake ji.

Allah ya kiyaye mu duka.
Ƙanwarka, Delfina

Pratofreddo, 27 ga Janairu, 1888

Yaya Ottavio,

Ina gaishe ka domin haka aka koya mana fara wasiƙa. Lafiya kam babu ita a gidan nan.

Wayar tangarahun da Fada Anselmo ya buga maka gajeriya ce, bari in cika maka sauran. Akwatin kwalaben farko da kake aiko wa garinku kowace shekara ya iso ana jajibirin bikin Waliyyi Antonio. Bayan an sa wa dabbobi albarka aka zauna cin abinci, aka buɗe kwalba. Costanzo ne ya zuba wa mutane, tunda aikin shugaban masu haƙa ne. Spirito ya ce ɗacin bana ya fi na kullum kama harshe, ya miƙo kofi a ƙara masa. Kafin a kwashe kwanuka mutum tara suna kwance suna amai. Gumi mai sanyi, leɓe ya mutu, in ka sa kunne a ƙirjin mutum sai ka jira ka jira kafin zuciya ta sake bugawa. Tsoho Giusto mai niƙa ya cika kafin likita ya hauro. Spirito ya kai washegari da hantsi, ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Costanzo ya yi kwana uku tsakanin rai da mutuwa, ya tashi, ban kuwa ga alamar ya yi murna da tashin ba.

Ran Talata jandarmomi suka zo da takarda daga masana'antarka. Takardar ta ce saiwa ta iso muku a matsayin zaɓaɓɓiya duka, babu wata alama a jikin buhu, mai haƙa ne ya cusa guba don kwaɗayin cika awo. Na ruga ɗaki na ciro wasiƙarka ta Oktoba in nuna musu. Costanzo ya biyo ni. Ba ya karatu, amma ya san rubutunka. Ya karɓe ta ya jefa a murhu. Na kama rigarsa ina zaginsa, zagin da ban taɓa yi masa ba. Ya ɓamɓare hannuna a hankali ya ce:

"Ba a kai ɗan'uwan mata gaban alƙali da takarda, Fina. Wannan aikin wani magatakarda ne, Tavio bai gani ba. In ya ji, da ƙafarsa zai zo."

Suka tafi da shi a ƙasa, da gwiwar nan tasa, har gindin dutse.

An sa shari'a ran takwas ga Mayu. Lauyan da aka ba mu ya ce in mai masana'anta ya tsaya ya faɗi abu biyu, cewa shi ya ba da umarnin haƙa, kuma an nuna masa buhunan da ake shakka, to abin ya zama tsautsayi, mijina zai dawo gida. In ba haka ba shekaru ne masu yawa, shi kuwa ya haura hamsin, ƙirjinsa bai koma daidai ba tun ranar bikin.

Abu biyu ne kawai, Yaya, kuma duka gaskiya ne. Ban tambaye ka ko ka gwada ba. Ina tsoron amsar.

Ina jiranka.
Delfina

Torino, 9 ga Fabrairu, 1888

Zuwa ga ƙanwata Delfina,

Bayan gaisuwa, ina yi muku ta'aziyyar Spirito da Giusto. Allah ya ji ƙansu. Ba ni da kalmar da zan bayyana miki halin da nake ciki.

Ki sani cewa sa'ar da wayar Fada ta iso na tsayar da komai. Ko kwalba ɗaya daga jiƙon nan ba ta shiga kasuwa ba, ko ɗaya ba ta hau jirgi ba. An zubar da shi duka. A nan an ce wa mutane ganga ce ta lalace.

Game da takardar da jandarmomi suka kawo, lauyan kamfani ne ya tsara ta cikin gaggawa. Ki fahimci cewa mutum saba'in ke aiki a ƙarƙashina, kowanne da bakunan da yake ciyarwa. Kalma ɗaya daga bakina a kotu, jaridu za su mai da sunan Giraudo sunan guba, kuma sunan Babanmu ne. Masana'anta in ta faɗi, ba mai sayen saiwa a Pratofreddo har abada.

Ban ce ba zan zo ba. Ki ba ni lokaci in binciki yadda abin ya faru ta hanyar ilimi, domin alƙali hujja yake so, ba hawaye ba. Na aika wa Costanzo bargo biyu da rigar sanyi ta hannun wani abokina, na kuma yi magana a riƙa ba shi madara.

Ki yi haƙuri, ki riƙe gida.

Wassalam.
Yayanki, Ottavio Giraudo

Torino, 20 ga Maris, 1888

'Yar'uwata Delfina,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki jaje. Mijina Ottavio bai san ina rubuta miki ba. Ni da ke ba mu taɓa shiri sosai ba, na san sunan da kike kirana da shi a ƙauye, ban kuma ji haushi ba. Amma ke mace ce mai miji a kurkuku, ya kamata ki san abin da na sani.

Ranar da buhunan suka iso yana Genova. Ya dawo ya tarar da su a jere, masu gicciye a gefe ɗaya kamar yadda kika rubuta. Ina wurin, na kai masa abincin rana. Ya lissafa kwana arba'in na jiƙo, ya ga in ya ƙara ko mako ɗaya ranar ɗan kasuwar za ta wuce. Ya ciro saiwa daga bakin buhu uku, ya yanka, ya ɗanɗana, ya ce a zuba duka. Gwajin da ya yi miki alkawari, a lokacin babu shi ma. Ya ɗauka in ya zauna kwana biyu zai haɗa shi, kamar yadda komai ke zo masa da sauƙi, sai kuma bai samu zaman ba.

Sa hannun da ke ƙasan takardar jandarmomi nasa ne. Ina tsaye ya sa.

Buhunan masu gicciye suna nan, ya naɗe su ya cusa a ƙarƙashin teburin ɗakin gwaji. Ya kasa ƙona su, ya kasa fito da su. Tun Fabrairu can yake wuni da ragowar saiwa da kwalaben asid, yatsunsa duk sun ƙone, ya rame har zoben aurenmu na zamewa. Sau biyu ya sa rigar tafiya ya nufi tasha. Duka biyun ya dawo kafin la'asar, ya ce ya tuna wani abu a kan wuta.

Jiya muna cin abinci na tambaye shi ko zai je. Ya ce in ya gano gwajin, ba wanda zai sake mutuwa irin ta Spirito a duniya.

Na ce, "Shi wanda bai mutu ba tukuna fa?"

Ya ajiye cokali ya ce, "Ke ba ki san abin da nake ɗauke da shi ba."

Na ce na sani, buhu tamanin ne. Ya tashi ya bar mini teburin.

An gaya mini kotu ba ta karɓar shaidar mace a kan mijinta. Ko da tana karɓa, ina da 'ya'ya mata uku da ke ɗauke da sunansa, ban san ko zan iya ba. Ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da na iya shi ne wannan wasiƙa, kuma ina roƙonki ki ƙona ta. Har yanzu ina sa rai zai je, domin ba mugu ba ne. Matsoraci ne, shekara goma sha shida ina zaune da shi ban sani ba.

Allah ya ba ki ƙarfi.
Clelia

Torino, 2 ga Mayu, 1888

Ƙanwata Fina,

Gaisuwa mai yawa. Na samu, Fina, na samu. In aka jiƙa saiwa aka tace, aka ƙafar da ruwan a farin faranti, aka ɗiga asid ɗigo biyu, ta gaskiya tana zama yadda take. Mai guba kuwa sai ta yi rawaya, ta koma ja kamar jini. Ko saiwa ɗaya ce a cikin ɗari sai ta nuna. Rubu'in awa yake ɗauka. Na maimaita sau sittin bai saɓa ba. Zan buga shi kyauta, kowane mai masana'anta ya samu, zan kuma sa masa sunan Spirito.

Yanzu ina da abin da zan nuna wa alƙali. Zan hau jirgin ƙasa na safe ran takwas, in iso kafin a zauna. Zan faɗi abin da ya kamata in faɗa. Ki gaya wa Costanzo ina zuwa.

Sai mun haɗu.
Yayanki, Tavio

9 ga Mayu, 1888

Ottavio,

Gaisuwa. Na gaya masa kana zuwa, kamar yadda ka ce. Ya roƙi mai gadi ya ara masa aska ya yi aski.

An zauna ƙarfe goma. Duk lokacin da ƙofa ta motsa sai ya juya. Da aka karanta takardarka har zuwa sunan da ke ƙasa, bai ɗago ba, sai da ƙofa ta sake motsawa. Alƙali ya tambaye shi ko ya haƙa saiwar da bai tabbatar da ita ba, ya ce ya haƙa. Ya tambaye shi wa ya sa shi. Ya ce shi ba yaro ba ne da za a sa shi. Na miƙe zan yi magana aka fitar da ni.

Ɗaurin shekara goma sha ɗaya.

Kada ka aiko mana da bargo, ko madara, ko littafin gwajinka. Matar Spirito ta ce kada ka sa sunan mijinta a kan komai.

Sun bar ni na gan shi kafin a tafi da shi. Abu ɗaya ya tambaya, me ya hana ka. Na ce dusar ƙanƙara ce ta toshe hanyar jirgi. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa yi masa ƙarya ba, kuma ba don kai na yi wannan ba. Ya dubi taga. Rana tana ƙwallewa, masu gadi suna zaune a tsakar gida sun naɗe hannun riga. Ya daɗe yana kallo, sannan ya gyaɗa kai ya ce:

"Haka ne. Bana hunturu ya daɗe."

Ka huta lafiya.
Delfina, matar Costanzo